Hannu Kawai

Asabar, 2 ga Rabi'us Sani, 1446

Yau na kama su.

Bayan la'asar Kawu ya aike ni saman bene in sauko da buhun gawayi. Ina kan matakala na ji ihu irin na wadda kunama ta harba. Na ɗauka daga Kano aka bugo aka ce wani ya rasu. Ina leƙawa bayan tankin ruwa sai ga Yaya Sajida da Wafa' 'yar Kawu a maƙale da juna, waya ɗaya, abin kunne ɗaya sun raba, kowa da ɓari guda. Sajida ta cusa gefen mayafi a baki. Wafa' tana dukan cinyarta tana "ya ummi, ya ummi, ya ummi".

Na lallaɓa ta bayansu. Me zan gani? Samari biyu 'yan Tailan, fuska sumul kamar dafaffen ƙwai da aka ɓare, a tsaye cikin ruwan sama ƙarƙashin laima guda. Ɗan yatsan wannan ya taɓa na wancan. Shi ke nan. Wallahi shi ke nan. An nuno yatsan daga hagu, an nuno daga dama, an nuno daga sama, ana ta sa wani kiɗa mai sanyi kamar za a binne kyanwa.

Na ce, "Assalamu alaikum, Hajiyoyi."

Saura kaɗan wayar ta yi tsalle zuwa titi.

Na ce ina amaryar? Wafa' ta ce babu amarya, su biyun ne. Na ce su biyun ne me? Sajida ta ce don girman Allah in rage murya. Na yi a'uzubillahi har da tofi, na ce bari in kira Umma ta zo ta ga karatun da ake yi a bayan tanki. Mun daidaita: in rufe bakina, su kuma su saya min mutabbaƙ, wainar fulawa mai ayaba, duk ranar da sabuwar halƙa, wato sabon kashin fim ɗin, ta fito.

Hannu kawai fa. Manyan mata.

Lahadi, 3

Sunayensu ba sa faɗuwa a bakin mutum, sai na raɗa musu nawa. Dogon mai ɗaure fuska: Tabarau. Gajeren da aka kifa masa kwano a kai aka aske gefe: Kan Kwano. Akwai na uku mai babur da ke shisshigi, shi kuma Acaɓa. Wafa' ta ce in na sake cewa Acaɓa sai ta zuba min shayi a takalmi. Na sake. Abokiyar wasata ce, 'yar kawuna, ko an haife ta a nan Jidda ba ta san dokar ba, ni na sani.

Talata, 5

Shago. Mutane kamar ana rabawa kyauta. Larabawan nan su zo suna "sireh, sireh", tsiren da kakanninmu suka ƙirƙira sun lanƙwasa masa suna.

Baba Mahmud na nan a kan akwatin lemonsa kamar kullum, dab da tukuba, ba ya saye ba ya sayarwa, sai baki. "Sa'adu, na hagun nan ya yi, juya shi." "Sa'adu, ga Abu Fawaz nan tafe, da jar gutura a ka." "Sa'adu, yaron Yamanin nan ne mai son yaji da yawa." Kamar Kawu jiya ya fara gashi. Mutumin da ke kan wutar nan tun kafin a haife ni. Duk unguwarmu Hindawiyya Sa'ud suke ce wa Kawu, shi kaɗai ke kiransa Sa'adu, shi kuma Kawu ya ce masa Mamuda. Jirgi ɗaya ya kawo su hajji suna samari, ba wanda ya koma.

Na ce, "Baba, ko a ba ka makirufo ne?" Ya ce, "A ba ka tarbiyya dai, ja'iri." Kawu ya yi dariya har ya ture kwanon yaji da gwiwar hannu. Ni na share.

Asabar, 9

Sabuwar halƙa. Na karɓi mutabbaƙ ɗina, na zauna a kan buhun gawayi ina kallon masu kallo, don su ne fim ɗin.

Ashe ɗariƙa biyu ce a gidanmu. Sajida 'yar Tabarau ce. Wai yana son Kan Kwano, faɗa ne ba ya iya yi, wai a duba idonsa. Na duba. Idon mai ciwon basir ne. Wafa' kuwa ta tsane shi. "Hada bard, ya Sajida, sanyi ne da shi kamar firiza. Ɗayan ya kawo masa abinci, ya ɗaure masa igiyar takalmi, ya sa masa filasta a yatsa, shi kuma ko shukran!" Ita Acaɓa take so ya yi nasara. Suka yi ta musu kamar gadon gida ake rabawa. Sajida har da cewa "ba ki san maza ba". Ita da ba ta san kowa ba sai mai baƙala, kantin nan na ƙasan gida.

Ga abin da ya sa su kuka yau. Su biyun suna tafiya riƙe da hannu, sai ga abokan Tabarau sun ɓullo daga kwana. Tabarau ya zare hannunsa ya cusa a aljihu. Aka nuno hannun Kan Kwano a buɗe, yana lilo shi kaɗai. Kiɗan binne kyanwa. Sajida ta fashe. Wafa' ta zage shi da Larabci zagin da ban san ta iya ba.

Na ce, "To me ya faru? An yanke hannun ne?"

Wafa' ta ce, "Inta ma tifham. Kai jaki ne."

Ni da abokina Othman kullum riƙe da hannu muke zuwa ƙwallo. Pakistanawan unguwar Sharafiyya da ɗan yatsa ma suke maƙale juna. A Kano haka, a nan haka. Ba wanda ya taɓa sa mana kiɗa.

Litinin, 11

Ba wanda ya taɓa sa mana kiɗa. Tun shekaranjiya maganar nan ke min yawo a kai.

Yau da aka kira magariba na bi bayan Kawu da Baba Mahmud. Yadda suka saba: Baba Mahmud ya tsaya a bakin shago ya ce, "Sa'adu, yalla," Kawu ya miƙo hannu ko kallonsa ba ya yi, su sarƙe yatsu, su kama hanyar masallaci suna lilo da hannun suna gulmar limami. Na ɗauke su a waya tun daga shago har ƙofar masallaci. Allah ya taimake ni, wajen ramin da aka haƙa na famfo Baba Mahmud ya jawo Kawu jikinsa. A ƙofa kuma ya durƙusa ya gyara masa takalmi a gefe.

Na rage gudun hoton. Na ɗora kiɗan. Na watsa jajayen zukata. Na nuno hannun sau uku kamar yadda 'yan Tailan ke yi.

Na kalla, na yi dariya har da hawaye.

Talata, 12

Na nuna musu a saman bene. Na ce ga halƙa ta musamman, aikin Hindawiyya.

Sajida ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, tana dariya tana "Allah ya shirye ka, Zaharadden". Wafa' ko murmushi. Ta kalla har ƙarshe, ta ce, "Imsah. Goge shi." Na ce ai na ɗauka irin wanda kike so ne, ga ɗaure takalmi ga komai, laima ce kawai babu. Ta ce, "Abuya ne." Na ce kawuna ne. Ta sauka ta bar takalminta ƙafa ɗaya.

'Yan Tailan su yi, ta yi kuka. Babanta ya yi, ta ɗaure fuska. Munafunci.

Othman kawai na tura wa. Na ce masa kar ya wuce wajensa.

Alhamis, 14

Othman ɗan iska ne. Ya ɗora a status.

Juma'a, 15

Ya kai unguwar Bani Malik. Ya kai Makka. Wani ɗan ajinmu na makarantar allo da aka mayar Kano bara ya turo min shi yana tambaya ko na san tsofaffin nan. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Duk abubuwan da na taɓa haɗawa, har ranar da na sa wa ladan ƙararrawar waya mai kukan akuya, ba wanda ya yi tafiya irin wannan.

Tsofaffi ba su gane ba, cewa suke "Masha Allah, zumunci". Yara ne suka gane. Ashe ba gidanmu kaɗai ake ɓuya bayan tanki ba. Duk yaran hara, wato unguwar nan tamu, sun san kiɗan nan, har masu rantsuwa ba sa kallo.

Wani direba ya miƙa wa Kawu wayarsa a shago, yana ƙunshe dariya. Kawu ya riƙe ta, ya ɗan karkata kai, ya ce, "To, madalla," ya mayar masa. Ko gira bai ɗaga ba. Tsohon nan akwai shan ƙamshi. Baba Mahmud ne ya karɓa ya kalla, ya daɗe yana kallo. Sannan ya kalle ni. Na ce albasa ta ƙare, na tafi sayowa.

Asabar, 16

Abdulelah ɗan Baba Mahmud ya zo shago da motar kamfaninsu. Haifaffen nan ne, mai takardu, mai turare, Hausar ma da ƙyar take fita. Ya shaƙe ni da wuyan riga ya manna ni da firiza. Rabin zagin ban tsinta ba. Abin da na tsinta: maganar aurensa ake yi, kuma ƙanin yarinyar ne ya turo masa. Ya ce na san ƙasar da nake kuwa? Ya ce ni da ko iƙama, takardar zama, ba ni da ita, in wani ya kai maganar nan gaba wa zai fara shiga motar masu kora gida?

Wannan kam ta shige ni. Na goge daga wayata, na sa Othman ya goge. Kamar zai hana wani abu.

Ban hau sama ba yau. Sajida ta ajiye min mutabbaƙ a kicin, ta ce Tabarau ya tsaya a ƙofar gidan Kan Kwano har ruwa ya jiƙa shi bai ƙwanƙwasa ba. Na ce Allah ya ƙara masa mura.

Lahadi, 17

Akwatin lemo ba kowa a kai.

Talata, 19

Har yau bai zo ba. Shagon shiru sai ƙarar mai a wuta.

Kawu ya ƙona tsinke wajen goma, ya ba wani ɗan Sudan tsiren da bai gasu ba aka dawo da shi. Bai taɓa yi ba. Sai kuma Abu Fawaz, kafilinsa mai shagon, wanda ya tsaya masa a takardun zama, ya shigo ya tsaya a gabansa, Kawu ya ce masa, "Na nawa za a ba ka, ya walad?" Ya walad, wai yaro! Ga mutum da furfura a gemu. Abu Fawaz ya tsaya yana kallonsa. Da ya yi magana Kawu ya daburce, ya ce hayaƙi ne. Abu Fawaz ya ce, "Salamat, ya Sa'ud. In ka gaji ka faɗa, akwai wani ɗan Nijar da ke ta bina."

Fushi ne ke cin Kawu, na sani. Abokinsa ya yi yaji saboda wasan yara. Tsofaffi biyu kamar Tabarau da Kan Kwano.

Laraba, 20

Kawu ya dawo daga magariba da jini a ƙauri, jallabiyar duk ƙasa. Ramin famfo. Ramin da ya fi wata a wurin, har da jan ƙyalle a kewaye. Ya ce santsi ne. Ina santsi a Jidda, an rabu da ruwa tun bara?

Alhamis, 21

Wafa' ta same ni a saman bene ina cika buhu. Ba waya a hannunta. Ta ce in rantse da Alƙur'anin da na haddace rabi na watsar, ba zan faɗa wa kowa ba. Na rantse.

Ta ce, "Abuya ma yishuf."

Na ce me?

Ta sake da Hausarta mai karkata: "Baba ba ya gani, ya himar, jaki."

Mayya zarƙa, in ji ta. Hawan jinin ido. Ya fi shekara biyu yana cinsa, yanzu haske da inuwa kawai suka rage. Ita ta sani don ita ke ɗiga masa magani. Baba Mahmud ya sani. Umma ma ba ta sani ba, ƙanwarsa guda. Gashi kam hannunsa da hancinsa sun haddace, amma wanda ya yi a gefe, da wanda ya shigo, da rami, da matakala, sai an faɗa masa. In Abu Fawaz ya gane, wa zai bar makaho da wuƙa da wuta a shagonsa? Iƙamar Kawu a hannunsa take, kuma ta kusa sabuntawa. In bai sabunta ba sai Kano. Kanon da Kawu ya bari yana saurayi, ba gida ba kowa.

Na hagun nan ya yi. Ga Abu Fawaz nan tafe. Takalmi a gefe guda, inda zai laluba ya samu.

To, madalla. Ashe ko wayar bai gani ba. Kiɗa kawai ya ji.

Na ce mata ai da sai a faɗa wa mutum. Ta ce, "Kai? A faɗa maka?"

Na ce buhun nan ya yi nauyi.

Juma'a, 22

Da za a tafi masallaci na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Kawu, yalla," na kama hannunsa. Ya fizge kamar na ɗora masa garwashi.

Ya ce, "Wafa' ce ko?"

Ya ce, "Kai ba ka da hankali ne? Ni da Mamuda in muka riƙe hannu, abokai ne ke tafiya, ba mai waiwaye. Yaro kamarka ya ja ni a titi, kafin mu kai kwana duk hara ta san Sa'ud ya makance. Sanda kawai za ta rage a miƙo min."

Na ce to in yi gaba ya bi farar rigata. Ya ce duk Jidda fara ce ranar Juma'a.

Ya tafi shi kaɗai yana bin bango da kafaɗa kamar mai neman inuwa. Na bi shi daga nesa. Ya yi karo da madubin mota, ya ba motar haƙuri.

Bai zage ni ba. Da ya zage ni ma.

Asabar, 23

Sajida ita kaɗai ta kalla yau, Wafa' ta ce ba ta da nafsi, ranta ba ya so. Ta sauko ido jajur ta rasa wanda za ta ba labari sai ni. Wai Acaɓa ya je ya sami Tabarau ya ce masa in ba zai iya riƙewa a gaban mutane ba, ya saki gaba ɗaya. Wai ita yanzu ta daina tsanar Acaɓa. Wai ashe Tabarau ba kunyar kansa yake ji ba, tsoro yake kar a kori Kan Kwano daga gidansu.

Na ce, "Yaya, ki nemi aiki."

Ni ke kula da gefen tukuba yanzu. Ina ta surutu kamar rediyo, ina sa wa kowane mai saye suna da ƙarfi tun daga nesa, wai tsokana. Abu Fawaz ya leƙo ya ce yaron nan ba ya shiru ne? Baba Mahmud ya iya yi ba a lura. Ni in na yi kamar gwanjo.

Litinin, 25

Na je gidan Baba Mahmud da hantsi, lokacin da Abdulelah ke wurin aiki. Na same shi a tsakar gida yana ba tantabarunsa gero. Na durƙusa na gaishe shi, gaisuwa ta gaske. Ya amsa wa tantabaru.

Na ce in Abdulelah ne ya hana shi, zan je ya ƙara shaƙe ni, ya huce.

Ya ce, "Abdulelah? Ni na yi masa kaciya, shi zai hana ni fita?"

Ashe ba haka ba ne. Ranar Asabar ɗin da aka shaƙe ni, sun tafi isha'i yadda suka saba. Yaran da ke zama a kan motoci gaban baƙala suka fara kiɗan da baki, wani ya yi fito. Kawu ya tambaya mene ne wannan, Baba Mahmud ya faɗa masa gaskiya, har da maganar auren. Nan take, a tsakiyar titi, Kawu ya zare hannunsa. Ya ce, "Mamuda, je ka. Ba za a fasa auren ɗanka a kaina ba. Kar ka ƙara zuwa shago."

Baba Mahmud ya buɗe tafin hannunsa yana kallo, da ɗan gero a ciki. Ya ce, "Ni na tsaya da hannu a buɗe kamar mai bara."

Na san inda na ga wannan. Ba zan rubuta ba.

Ya ce kullum yana bin sa a baya zuwa masallaci. Ranar rami ma yana nan, ya kasa ƙarasawa da wuri, gwiwa. Ashe mu biyu ne ke bin tsoho ɗaya a ɓoye kamar 'yan sanda.

Da zan fita ya ce, "Kai da ka iya haɗa wa mutane dariya, ba ka iya kwashe ta ba?"

Alhamis, 28

Na sami Othman a filin ƙwallo. Na lura tun da abin nan ya faru ko kafaɗata ba ya dafawa, ni ma haka. Ba mu taɓa maganar ba.

Na faɗa masa abin da za mu yi gobe. Ya ce ko da wuƙa a wuya. Na ce wa ya ɗora a status? Ya ce wa ya haɗa? Na ce to mu biyu ke nan. Ya ce me ya sa abin ya dame ni haka, tsofaffi ne, za su shirya. Na ce ba ruwansa. Na ce in bai zo ba zan faɗa wa babansa wanda ya fasa fitilar motarsa da Sallah.

Na so in ɗauka a waya. Sajida ta ce in na kuskura ita da kanta za ta jefa wayar a tanki, wanda aka yi bai ishe ni ba? Tana da gaskiya, sau ɗaya a shekara.

Na aika wa Baba Mahmud: gobe ya tsaya a kwanar baƙala.

Juma'a, 29

Na ari laimar Umma ta zuwa Arfa, koriya mai tambarin kamfanin alhazai. Na sa man gashin Sajida na kwanto da gashina gaba, iya yadda zai kwanta. Na sarƙe yatsuna da na Othman, yana ta gumi yana tsine min ƙasa-ƙasa. Muka fito gaban Kawu kaɗan.

Yaran na kan motoci. Kafin su ga Kawu sun gan mu. Ni na fara yi musu kiɗan da bakina, da ƙarfi. Na rage tafiya kamar an rage gudun hoto. Na durƙusa na ɗaure wa Othman igiyar takalmi, alhali silifa ce a ƙafarsa. Na ɗago na kalle shi irin kallon mai basir. Titi ya kece. Wani ya faɗo daga kan mota. Mai baƙala ya fito da tsintsiya yana "Istahu, ku ji kunya, yau Juma'a!" Suka biyo mu a baya suna "Kan Kwano! Kan Kwano!" Ashe sunan ma ya fita, aikin Wafa' ne ko shakka babu.

Wajen ramin famfo na waiwaya ta ƙarƙashin laima. Duk titin mu yake kallo. Can baya Baba Mahmud ya fito daga kwana, ya jera da Kawu, ya kama masa bakin hannun riga da yatsa biyu. Kawu ya tsaya cak. Na ga bakinsa na motsi, faɗa yake. Baba Mahmud bai saki ba. Suka kewaye ramin.

Bayan sallah Abdulelah ya wuce ni a ƙofar masallaci, ya kalli gashina, ya kalli laimar, ya ce, "Majnun." Amma bai shaƙe ni ba.

Othman ya ce kar in ƙara yi masa magana har Azumi.

Da yamma akwatin lemo ya sami mai shi. Abin da ya fara cewa: "Sa'adu, wannan yaron ya lalata maka wuta." Abu Fawaz ya zo, aka sanar da jar guturarsa tun daga tsallaken titi, Kawu ya tare shi da suna da tsinke mai zafi. Bai ambaci ɗan Nijar ba.

Asabar, 30

Duk inda na bi, Kan Kwano. Har ladan, ya samu ya rama. Zai bi ni har kabari, na sani, don da ni ne na samu wani a haka ba zan sake shi ba.

Halƙar ƙarshe yau. Na hau ne don mutabbaƙ. Wafa' ta dawo bayan tanki, ta matsa min wuri ba tare da ta kalle ni ba, ta cire abin kunnen ta bar sautin a fili.

Shirme iri ɗaya. Ruwan sama, kallo, ruwan sama. Acaɓa ya hau babur ya bar gari, Wafa' ta yi masa kuka kamar mijinta. A ƙarshe su biyun suna tafiya a kasuwa, ga abokan nan sun sake ɓullowa daga kwana. Aka nuno hannun. Suka wuce ta gabansu. Sai rubutu ya hau.

Sajida ta ce, "Shi ke nan?" Wafa' ta ce, "Khalas? Bas kida? Duk jiran da muka yi, hannu kawai?" Suka hau zagin masu fim ɗin, wai an cuce su, wai a dawo musu da datarsu.

Ban san lokacin da na ce, "To me kuke so kuma? Ai bai saki ba."

Suka juyo su biyu suna kallona. Na ce gawayi na zo ɗauka.

Har yanzu ina nan a kan bakata, fim ɗin banza ne, kuma Tabarau basir ke damunsa.

Da magariba Baba Mahmud ya ce, "Sa'adu, yalla." Ba riga ya kama ba yau. Wayata na aljihu. Na tsaya juya tsiren hagun.